Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Tayoyi Biyu da Jirgin Alhazan Sakkwato na 1991

Da safiyar Alhamis, 11 ga Yuli 1991, a kwanakin ƙarshe na watan Zulhajji na shekarar 1411, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ya nufi Sakkwato. Yana ɗauke da fasinjoji 247, galibinsu alhazan Najeriya da suka sauke farali suna ɗokin gida, da ma'aikata 14. Kimanin minti 10 ya yi a sama. Ya juyo yana ci da wuta, ya faɗi saura ƙasa da kilomita 3 ya kai titin sauka. Cikin mutum 261 da ke cikinsa babu wanda ya tsira, kuma har yau babu wani hatsarin jirgi ƙirar DC-8 da ya kai wannan cin rayuka.

A wancan lokacin jihar Sakkwato ta haɗa har da Kebbi da Zamfara na yau, domin sai a watan Agusta na shekarar aka cire Kebbi, Zamfara kuwa sai 1996. Filin jirgin Sakkwato yana kudu da birnin, kusa da hanyar da ta bi ta Boɗinga ta nufi su Dandin Mahe da Shagari. Mutanen garuruwan wannan hanya sun saba da ganin jiragen alhazai suna sauka da tashi a kowace shekara, sun kuma saba da jerin motocin 'yan tarbo. Ranar nan jirgin da ake jira bai iso ba.

Injinan jirgin guda huɗu lafiya lau suke, sararin samaniya garau, kuma babu wanda ya kai masa hari. Abin da ya faro musibar tayoyi ne guda biyu da iskarsu ta yi ƙasa da ƙa'ida, kuma an san da haka kwana huɗu kafin ranar. Saboda haka tarihin wannan hatsari ya rataya ne a kan tambayar da ake yi kowace safiya a kowane filin jirgi na duniya: wannan matsala da aka gano za ta iya jira, ko kuwa sai an gyara kafin a tashi? Akwai rubutacciyar hanyar amsa ta, akwai kuma mutanen da doka ta ba ikon amsawa. A Jidda, wanda ya amsa ba ya cikinsu.

Jirgin wane ne?

Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar hajji daga ƙasar Hausa kan bi ta Borno da Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma su zauna a hanya su hayayyafa. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya mayar da ita ta awoyi, adadin maniyyata ya yi ta ƙaruwa, har gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Sai dai jigilar alhazai aiki ne mai wuyar sha'ani: dubban mutane ake so a kwashe cikin 'yan makonni, a dawo da su cikin 'yan makonni, sauran watannin shekara kuwa babu wannan buƙata. Ba kamfanin da zai sayi jirage don aikin wata biyu. Shi ya sa Nigeria Airways, kamfanin jiragen gwamnati, ya dogara da haya. Jirgin Boeing 707 da ya yi hatsari yayin sauka a Kano ranar 22 ga Janairu 1973, ya hallaka mutum 176, na kamfanin Alia ne na ƙasar Jodan, Nigeria Airways ya ɗauko shi haya don dawo da alhazai.

Haka abin yake a 1991. Jirgin da ya tashi da lambar Nigeria Airways 2120 mallakin Nationair ne, kamfanin ƙasar Kanada da Robert Obadia ya kafa, mai zama a Montreal. An ƙera jirgin a 1968, rajistarsa ta Kanada ce, matuƙansa da makanikansa duk na Nationair ne. A tsakanin kamfanonin biyu kuma akwai wani kamfanin dillanci mai suna Holdtrade. Irin wannan haya, inda ake ba da jirgi tare da mutanensa, halal ce a dokar jiragen sama, har gobe ana yin ta. Amma tana raba alhaki gida-gida. Alhajin da ya hau ya san da jirgin Najeriya ya tafi. Hukumar da ke da alhakin sa ido a kan gyaran jirgin tana Kanada, dubban kilomita daga wurin aikin. Kayan gyara suna Akra ta ƙasar Ghana. Fasinjoji suna Jidda. A irin wannan shiri, wanda ya fi kowa ƙarfi shi ne wanda ke riƙe da jadawalin tashi. Nationair ya tura wani jami'i mai muƙamin manajan aikin, aikinsa shi ne ya ga kwangila ta tafi a kan lokaci. Ba makanike ba ne, ba kuma matuƙi ba ne.

Abin da ke iya jira da abin da ba ya jira

Mai karatu zai iya zaton cewa jirgi ba ya tashi sai komai nasa yana aiki. Ba haka ba ne. Jirgin fasinja yana da dubban na'urori, da yawansu an yi su bibbiyu ko uku-uku don in ɗaya ta mutu wata ta ɗauka. Da za a ce sai kowace fitilar karatu da kowane injin dafa shayi sun yi aiki, da rabin jiragen duniya suna ƙasa. Jinkirta gyara, in an bi hanyarsa, sashe ne na aikin yau da kullum.

Hanyar tasa ita ce wata takarda da ake kira jerin mafi ƙarancin kayan aiki, a taƙaice MEL. Kamfanin da ya ƙera jirgi shi ke fitar da babban jeri, hukumar ƙasarsa ta amince da shi. Kowane kamfanin sufuri kuma ya fitar da nasa daga ciki, hukumar ƙasarsa ta sa hannu. Yana iya tsanantawa fiye da babban jerin, amma ba shi da ikon sassautawa. Jerin yana faɗin na'urar da za a iya tashi ba tare da ita ba, da sharuɗɗan yin haka, da kuma wa'adin gyara. A tsarin da ake bi yanzu wa'adin aji huɗu ne: ajin A yana da wa'adin da aka rubuta masa na musamman, ajin B kwana 3, ajin C kwana 10, ajin D kwana 120. Idan an jinkirta gyaran wani abu, dole a rubuta shi a kundin gyaran jirgin, a manna alama a ɗakin matuƙa don su sani, injiniya mai lasisi ya sa hannu. Bayan duk wannan, kyaftin yana da ikon ya ce bai karɓi jirgin ba.

Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ba a cika lura da ita ba: duk abin da ya shafi lafiyar tashi kuma ba ya cikin jerin, to dole ya kasance lafiya. Ba a sa fiffike a jerin ba, domin babu mai tunanin tashi ba fiffike. Iskar taya ma haka take. Littafin gyaran jirgi ya ƙayyade mafi ƙarancin iskar da za a tashi da ita, in ta gaza haka jirgin bai cancanci tashi ba, kuma babu ajin wa'adin da za a saka ta.

Tsarin gaba ɗaya a kan abu biyu ya tsaya: a rubuta gaskiya, kuma mai ilimin abin ya yanke hukunci. Dukansu biyun sun rushe tsakanin 7 da 11 ga Yuli.

Kwana huɗu

Ranar 7 ga Yuli, yayin wani binciken ƙa'ida a Akra, makanikai sun auna iskar tayoyin jirgin da geji, suka tarar taya mai lamba 2 da mai lamba 4 sun gaza ƙa'ida. Ba a ƙara musu iska ba. Daga baya masu bincike sun duba takardar da aka rubuta awon, suka gano an sauya alƙaluman don su yi daidai da abin da doka ke so. Daga wannan lokaci jirgin ya ci gaba da kai da kawowa da takarda mai cewa lafiya, da tayoyi masu cewa akasin haka.

Makanikan sun shirya canza tayoyi a Akra ranar 10 ga Yuli. Sai saƙon faks ya zo daga manajan aikin a Jidda. Jadawali ya riga ya karkace, akwai fargabar kamfanin zai rasa fasinjoji da kuɗi in jirgin bai dawo da wuri ba, don haka ya nemi a bar canjin tayoyin a taho. Aka bari, aka taho.

Da safiyar 11 ga wata, an kusa gama ɗibar fasinjoji, babban makanike ya nemi a samo iskar naitirojin a ƙara wa tayoyin. Ba a same ta nan take ba, samo ta kuwa zai ci lokaci. Manajan aikin ya ce a bar maganar. Wanda ya sa hannu cewa jirgin ya cancanci tashi shi ne injiniyan da ke zama a ɗakin matuƙa, alhali ba ya cikin waɗanda suka yi aikin gyaran. Binciken bai sami shaidar cewa an gaya wa kyaftin halin da tayoyin ke ciki ba. Ko da ya zagaya jirgin ya duba, da wuya ya gane, domin tayar jirgi mai ƙarancin iska ba ta lotsawa yadda ta mota ke yi. 'Yar'uwarta da ke gefenta kan ɗauke mata nauyi, ido ya gan ta tsaf. Geji kaɗai ke tona ta.

Yana da kyau a lura cewa manajan aikin da babban makaniken duk sun shiga jirgin, kuma sun mutu a cikinsa. Wanda ya san yana jefa rayuka cikin halaka ba zai sa nasa ran a ciki ba. Mutumin ya ɗauki ƙarancin iskar taya ƙaramin abu ne, kamar yadda direban mota zai ce bari mu isa gari mu nemi mai faci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Laifin tsarin shi ne ya bar mai ƙaramin sani a inda maganarsa ta rinjayi ta mai lasisi, ya kuma bar masu lasisin ba su da ƙarfin gwiwar cewa a'a. Kwana huɗu da jirgin ya yi yana sauka da tashi lafiya su ma sun yi nasu aikin, domin kowace tafiya da aka yi ba abin da ya faru ta zama hujjar yin ta gaba.

Yadda taya ke kayar da jirgi

Jirgin DC-8 cike da mutane da kaya da mai ya haura tan 100 nesa ba kusa ba, kuma kusan dukkan nauyin a kan manyan tayoyi takwas yake, bibbiyu a kan sandar ƙarfe guda. Taya mai lamba 1 da mai lamba 2 suna tare a ƙafar hagu. Da iskar ta 2 ta yi ƙasa, nauyinta ya koma kan ta 1. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raunana zaren da ke cikin robar. Jirgin ya yi doguwar tafiya a ƙasa daga inda ya ɗebi fasinjoji zuwa bakin titin tashi, cikin zafin Jidda na watan Yuli.

Ana fara gudun tashi, ta 1 ta fashe, ta 2 ta bi bayanta. Sai wilin ya daina juyawa, ƙarfe ya riƙa gurzar titi, har ragowar robar ta kama wuta. Matuƙan sun ji ƙara da girgiza, sun ma yi zargin taya ce. A lokacin jirgin bai kai gudun da in an wuce shi ba a tsayawa ba. Amma horon da kamfanin ya ba su bai lissafa fashewar taya cikin dalilan fasa tashi ba, kuma ba su da wata alama da ke nuna wuta. Suka ɗaga, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikin ma'ajiyarsu kamar yadda aka saba.

Ma'ajiyar ƙafafun tana ƙarƙashin tsakiyar jirgin. Ta nan bututun man da ke motsa fikafikai da burki suka bi, da wayoyin lantarki, kuma tankin mai na tsakiya yana maƙwabtaka da ita. A wannan jirgin babu na'urar jin zafi ko wuta a wurin. Abin da matuƙan suka fara gani shi ne matsin iskar cikin jirgi ya ƙi daidaita, sai man bututun ya tsiyaye, sai alamun gargaɗi iri-iri suka riƙa kunnuwa ba kan gado, saboda wuta tana cin wayoyinsu. Suka nemi komawa. An sami ruɗani na kimanin minti 3 da hasumiyar filin, domin kyaftin ya ambaci sunan Nationair maimakon na Najeriya da aka san jirgin da shi, jami'in hasumiya ya zaci wani jirgin Saudiyya ne ke magana. Masu bincike sun ce wannan bai sauya ƙarshen al'amarin ba. Wuta ta riga ta cinye daɓen da fasinjoji ke zaune a kai. Da aka saki ƙafafu don sauka, iska ta ƙara hura ta, jirgin ya fara wargajewa tun yana sama. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abin da aka riga aka sani

Wani zai ce, tun da babu naitirojin, me ya hana a ɗura iskar da aka saba? An hana ne saboda darasin da aka saya da rayuka. Ranar 31 ga Maris 1986, jirgin Boeing 727 na kamfanin Mexicana ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga birnin Meziko, mutum 167 suka mutu. An ɗura wa wata tayarsa iskar gama-gari, burki ya yi zafi, tayar ta fashe a cikin ma'ajiya, ta fasa bututun mai. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da sinadarin da ke ciyar da wuta, naitirojin kuwa ba ta ci. A 1987 hukumar jiragen saman Amurka ta wajabta naitirojin a tayoyin manyan jirage masu burki. Makaniken Jidda ya yi daidai da ya nemi naitirojin. Inda aka kauce shi ne da aka mayar da rashinta dalilin tashi, alhali dalilin zama ne.

Hatsarin wuta a ma'ajiyar ƙafafu ma tsohon labari ne. Ranar 4 ga Satumba 1963, jirgin Swissair ya tashi daga Zurich da burki mai zafi, wuta ta kama a ma'ajiyar, mutum 80 suka mutu. Mutum 43 daga cikinsu 'yan ƙauye ɗaya ne mai suna Humlikon, wanda mutanensa ba su wuce 200 da 'yan kai ba. Jirgin haya da ke ɗibar jama'ar yanki guda haka yake: asararsa a 'yan garuruwa take sauka gaba ɗaya. Jiragen alhazai, da ake cika su jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, suna cikin wannan sahu.

Akwai kuma darasin da Kanada kanta take tsakiyar koya a lokacin. Ranar 10 ga Maris 1989, jirgin Air Ontario ƙirar Fokker F28 ya tsaya shan mai a garin Dryden ana zubar dusar ƙanƙara. Ƙaramin injinsa na taimako, wanda ke tayar da manyan injina, ya lalace, an jinkirta gyaransa. Filin Dryden ba shi da na'urar tayar da injin irin wannan jirgi daga ƙasa, don haka in an kashe injina duka, jirgin ya maƙale ke nan. Ƙa'idar kamfanin kuma ta hana wanke ƙanƙarar fiffike alhali inji yana aiki. Jirgin ya tashi da ƙanƙara a fikafikansa, ya faɗi cikin daji, mutum 24 cikin 69 suka mutu. Kwamitin Mai Shari'a Virgil Moshansky, wanda ya fitar da rahotonsa a 1992 da shawarwari 191, ya ƙi ɗora laifin a kan matuƙi shi kaɗai. Ya bi sawun matsalar har ofisoshin kamfanin da na hukumar da ke sa ido.

Idan aka jera Dryden da Jidda, za a ga fuska biyu na abu guda. A Dryden an jinkirta gyaran na'urar da ake iya jinkirtawa, amma ba a tambayi inda jirgin zai sauka da yanayin da zai tarar ba. A Jidda an jinkirta abin da ba ya jinkirtuwa, aka kuma rufe shi da alƙaluman ƙarya. A duka biyun, agogo ne ya ja ragamar hukuncin.

Bayan haka

Hukumar jiragen saman Saudiyya ce ta jagoranci binciken, tare da masana daga Kanada da Amurka. Shawarwarin da suka biyo baya sun taɓa sa na'urorin jin zafi a ma'ajiyar ƙafafu, da horar da matuƙa da makanikai a kan illar ƙarancin iskar taya, da kuma tsaurara sa ido a kan gyaran jiragen da ke aiki nesa da gida. Nationair ya durƙushe a 1993. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003.

A matakin duniya, Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar ICAO, ta ɗora alhakin lafiyar jirgi a kan ƙasar da ta yi masa rajista. An yi mata gyara a 1980 da wani sashe da ke ba ƙasashe biyu damar miƙa wa juna wasu ayyukan sa ido idan jirgin haya ne, amma sai a 1997 ya fara aiki. A Najeriya, an kafa hukumar kula da jiragen sama ta NCAA da dokar 1999. Sai da ƙasar ta sha jerin hatsarori a 2005 da 2006, ciki har da na jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu tare da mutane da dama, sannan aka sa hannu a kan sabuwar dokar da ta ƙarfafa 'yancin hukumar. A shekarar ce kuma aka yi dokar kafa hukumar alhazai ta NAHCON. A 2010 Amurka ta sanya Najeriya a aji na ɗaya na ƙasashen da hukumominsu suka cika sharuɗɗan sa ido. Jiragen zamani da yawa kuma suna nuna wa matuƙi awon iskar kowace taya da zafin kowane burki a kan allo.

Duk wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai abin da ya matsa wa manajan aikin Nationair lamba yana nan inda yake. Har yanzu ana kwashe dubban alhazai cikin 'yan makonni, har yanzu ana cike giɓi da jiragen haya, har yanzu jirgin da ya kwana a ƙasa asara ce ga mai shi, kuma kayan gyara da dala ake sayen su.

Rabonmu a ciki

Matsin lambar nan daga wani wuri yake tasowa, kuma wani ɓangarensa daga wurinmu ne. Alhajin da ya kwana uku a sansani, guzurinsa ya ƙare, yana da hakkin ya fusata. Danginsa su kira ɗan majalisa, ɗan majalisa ya kira hukumar jiha, hukumar jiha ta kira kamfani, mu 'yan jarida mu buga labarin alhazan da aka yi watsi da su. A ƙarshen wannan sarƙa akwai wani makanike tsaye a gindin jirgi da geji a hannu, kowa yana jiran sa hannunsa. Jinkirin da sakaci da rashin tsari suka haifar abin a yi tir da shi ne, kuma yana da yawa. Amma jinkirin da injiniya ya jawo saboda ya ƙi sa hannu shi ne tsarin yana aiki yadda aka gina shi. Wajibi ne mu koyi bambanta su, mu nemi kamfani ya ba da abinci da masauki da bayani na gaskiya, ba tare da mun tilasta masa tashi ba.

Ga masu ba da kwangilar jigila, a Abuja ko a jihohi, tambayoyin da Jidda ta bari a fili suke. Wace hukuma ce ke duba kundin gyaran jirgin hayar, kuma yaushe ta duba shi? Akwai tayoyi da naitirojin da injiniya mai lasisi a kowane filin da jirgin zai kwana? Kwangilar tana cin tarar kamfani a kan jinkirin gyara kamar yadda take cin sa a kan jinkirin sakaci? In haka ne, an sa wa shiru farashi. Sannan wa ke da maganar ƙarshe a gindin jirgi, mai jadawali ko mai lasisi?

Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma waɗanda suka rasu a Jidda sun cika ne da sabon hajji. Wannan imani bai taɓa ɗauke wa mai amana alhakin amanarsa ba, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Sababin a ranar 11 ga Yuli 1991 bai wuce tulun naitirojin guda da jinkirin da samo shi zai jawo ba. Hausawa sun ce wani jinkirin alheri ne. Da an yi shi, da abin da alhazan nan za su ba da labari a gida shi ne an shanya su a filin jirgin Jidda.